Shigewar hanji cikin tumbi bayan tiyata

Shigewar hanji cikin tumbi wata matsala ce da ba a cika ganin ta ba, wadda takan sami mutumin da aka taɓa yi wa tiyatar haɗa tumbi da ƙaramin hanji. A wannan yanayi wani sashe na hanjin yakan naɗe cikin kansa, ya koma baya ta ƙofar da likita ya buɗe, ya faɗa cikin tumbi. Idan ya maƙale a can jini yakan daina isa gare shi, hanjin ya mutu. An ƙiyasta cewa tana samun kusan mutum 1 cikin 1,000 da aka yi wa irin wannan tiyata. Babban haɗarinta shi ne jinkiri, domin tana iya zuwa shekaru da dama bayan tiyatar, kuma alamominta sun yi kama da na gyambon ciki.

Tarihi

A shekarar 1881 ne likita Theodor Billroth ya yi nasarar yanke wani sashe na tumbin mai ciwon daji a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. A wannan shekarar kuma mataimakinsa Anton Wölfler ya fara ɗinke tumbi da sashen ƙaramin hanji mai suna jejunam, domin abinci ya kauce wa wurin da ya toshe. A 1885 Billroth ya haɗa hanyoyin biyu, wato yanke tumbi da ɗinke ragowarsa da jejunam, tiyatar da ake kira Billroth ta biyu. Wani likita mai suna Bozzi ne ya fara bayyana shigewar hanji cikin tumbi a 1914, sannan Shackman ya kasa ta gida uku a 1940.

Ire-irenta

Bayan tiyatar, hanji yakan zama reshe biyu a bakin ɗinkin: reshen da ke kawo ruwan ɗaci da ruwan narkar da abinci zuwa tumbi, da reshen da ke fitar da abinci zuwa gaba. A nau'i na farko reshen da ke kawowa ne ke shigewa. A nau'i na biyu reshen da ke fitarwa ne ke komawa baya, kuma shi ya fi yawa, domin ya kai kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gani. A nau'i na uku rassan biyu ne ke shiga tare.

Likitoci suna danganta abin da faɗin ƙofar ɗinkin, da tsawon reshen hanji, da motsin hanji na komawa baya, da tabon tiyata da ke manne hanji, da kuma ƙaruwar matsi a ciki kamar lokacin amai mai tsanani ko naƙuda.

Alamomi

Matsalar tana zuwa ta fuska biyu. Akwai mai zuwa farat ɗaya, inda hanjin ke maƙalewa. Alamominta uku ne: ciwo mai tsanani a saman ciki ƙasa da ƙahon zuci, amai wanda daga baya yakan zo da jini, da ƙullutu da ake ji idan an danna saman cikin. Ba kowane majinyaci ne ke da duka ukun ba. Akwai kuma mai zuwa tana tafiya, inda hanjin ke shiga ya fita da kansa. Mai ita yakan ji ciki ya murɗa bayan cin abinci, ya yi amai, sai ciwon ya lafa, har ya shafe watanni ana ba shi maganin olsa.

Ganowa

Matakin farko shi ne likita ya san an taɓa yi wa majinyacin tiyatar tumbi, ko ta bakinsa ko ta tabon da ke cikinsa. Na'urar leƙa ciki, wato siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki, takan nuna hanjin a kumbure cikin tumbi, launinsa ja ko shuɗi-shuɗi. Hoton siti sikan yakan nuna tumbi a buɗe da hanji a naɗe cikinsa, zobe cikin zobe, kuma yana taimakawa wajen sanin ko jini yana isa. Hoton eksire da ruwan bariyam da hoton sikanin ciki su ma suna amfani. A nau'in da ke zuwa yana tafiya, sai an yi gwajin lokacin da ciwon ya taso, in ba haka ba hoton zai fito lafiya lau.

Magani

Ana fara wa majinyaci da ƙarin ruwa, da ƙarin jini idan ya zubar da jini, a sa masa roba ta hanci domin zuƙe abin da ya taru a tumbi, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Bayan haka sai tiyatar gaggawa. Idan hanjin yana da rai, likita yakan janyo shi a hankali ya mayar da shi wurinsa, wani lokaci ya ɗinke shi jikin naman da ke kusa don kada ya sake shigewa. Idan ya mutu sai a yanke sashen, a sake ɗinkin, ko a canza shi zuwa tsarin da likita César Roux na Suwizalan ya ƙirƙiro, mai siffar harafin Y. An taɓa mayar da hanjin da na'urar leƙa ciki kawai, amma yakan sake dawowa. Rahotannin likitoci sukan nuna cewa mace-mace kusan kashi 10 ne cikin 100 idan an yi tiyata cikin kwana biyu, amma sukan kai kashi 50 idan an kai kwana huɗu.

A Kano da kewaye

Tun da aka samu magunguna irin su omeprazole, kuma Barry Marshall da Robin Warren suka gano ƙwayar Helicobacter pylori a farkon shekarun 1980, tiyatar gyambon ciki ta ragu a duniya. A arewacin Najeriya kuwa har yanzu ana yin ta, saboda wasu ba sa zuwa asibiti sai gyambon ya toshe mafitar tumbi, ko ciwon daji ya yi nisa. Yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, wanda masu aikin ƙarfi kamar leburorin masana'antun Sharaɗa, Chalawa da Bompai kan saya a kemis, yana cikin abubuwan da ke haddasa gyambon.

Ƙananan asibitocin unguwa a ƙaramar hukumar Kumbotso ba wuraren wannan tiyata ba ne. Ana tura irin wannan majinyaci manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Shi ya sa likitoci ke ba wanda aka yi wa tiyatar tumbi shawarar adana katinsa na asibiti, ya kuma sanar da iyalinsa irin tiyatar da aka yi masa. Idan ciwon saman ciki mai tsanani da amai suka taso masa, ko da bayan shekara 20 ne, asibiti mai ɗakin tiyata ya kamata a kai shi a ranar, ba kemis ba.