2.4 Rawar Furotin wajen Tsararriyar Mutuwar Ƙwayoyin Sankarar Ƙwaƙwalwa

Idan sinadarin gado na DNA ya lalace matuƙa, furotin p53 ne ke umartar ƙwayar halitta da ta kashe kanta. Yana yin haka ne ta hanyar tayar da furotin Bax, wanda ke huda bangon maitokondiriya. Daga nan sai saitokurom c ya tsiyayo ya farkar da kasfes-9, shi kuma ya farkar da kasfes-3 mai daddatsa ƙwayar. A sankarar giliyobilastoma kuwa, sau da yawa p53 kan gurɓace, ko MDM2 ya danne shi, ko Bcl-2 ya yawaita ya daƙile Bax. Wannan yana daga cikin dalilan da ke sa ƙwayoyin jure wa gashin na'ura da maganin temozolomide, har ciwon ya dawo bayan tiyata.