Yadda Masu Tseren Mota Ke Kare Inji Daga Ƙishirwar Baƙin Mai

A filayen tseren motoci na Turai da Amurka da Japan, sau da yawa akan ga mota sabuwa ful, wadda aka kashe wa maƙudan kuɗi, ta shiga kwana da ƙarfinta amma ta fito injinta yana ƙwanƙwasa. In makanikai suka zaro geji sai su tarar baƙin mai yana nan cike, alhali kuwa rashin mai ne ya sa injin ya buga. Wannan al'amari mai kama da almara shi ne ya haifar da wata babbar sana'a a waɗannan ƙasashe, watau ƙera kayayyakin da ake ƙara wa inji bayan ya baro masana'anta, domin a tsare mai a inda ake bukatarsa.

INDA GIZO KE SAƘAR

A yawancin motoci baƙin mai yana kwance ne cikin wani kasko a ƙarƙashin inji, wanda makanikai ke kira botom-filet, mai cin lita 4 zuwa 6. Famfo yakan zuƙo man ta wani bututu da bakinsa ke nutse a gindin kaskon, ya tura shi zuwa ga metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansu. Ratar da ke tsakanin karanshaf da metal ba ta wuce kaurin gashin kai ba, kuma ɗan man da ke cike wannan rata shi kaɗai ke hana ƙarfe cin ƙarfe.

Duk wanda ya taɓa riƙe kwanon ruwa cikin mota tana tafiya ya san yadda ruwan ke tattaruwa gefe guda in an sha kwana ko an taka birki. Haka mai yake yi cikin kasko. Idan ƙarfin da ke fizgar mota gefe ya kai daidai da nauyinta, abin da tayoyin tsere ke iya jurewa, saman man yakan karkace da digiri 45, watau rabin hanya tsakanin kwance da tsaye. Nan take sai bakin bututu ya fito fili, famfo ya zuƙi iska. Injin da ke juyi 6,000 a minti kuwa, karanshaf ɗinsa na juyawa sau 100 a daƙiƙa guda, saboda haka kwanar da ta ɗauki daƙiƙa 3 tana iya zama juyi 300 ba tare da isasshen mai ba.

Ko motocin zamani ba su tsira ba. Bayan fitowar Toyota GR86 da tagwaininta Subaru BRZ samfurin 2022, masu kai su filin tsere da suka ɗaura ma'auni sun lura ƙarfin mai yana faɗuwa a kwanar dama mai tsanani. Injin waɗannan motoci fistocinsa a kwance suke, biyu dama biyu hagu, don haka man da ya hau kan inji na gefe ɗaya yakan makale can, bai komo kasko da wuri ba.

MAGANI MAI SAUƘI

Abu na farko da ƙwararru ke sawa shi ne kasko mai shinge. Akan kewaye bakin bututu da bangayen ƙarfe masu 'yan ƙofofi da ke buɗewa ciki kawai, ta yadda mai zai shiga amma ba zai fice ba. Wasu kaskon akan faɗaɗa su ta gefe su ƙara cin lita ɗaya ko biyu. Kamfanin Moroso na jihar Konetikat ta Amurka, wanda aka kafa a 1968, ya daɗe da yin suna a wannan fanni.

Na biyu shi ne faranti da ake shimfiɗawa tsakanin karanshaf da kasko. Dalili kuwa, karanshaf mai tsananin gudu yakan kaɗa mai kamar yadda maburgi ke kaɗa miya, har ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta ɗaukar nauyi. Farantin yakan raba su, wani ƙarfe mai kama da matsefi kuma ya kankare man da ya manne wa karanshaf ya mai da shi ƙasa.

Na uku wata tukunya ce ta ajiya, wadda aka fi sani da sunan Accusump, ƙirar kamfanin Canton Racing Products. Doguwar gwangwani ce mai fistin a tsakiya, iska a gefe ɗaya, mai a ɗaya gefen, tana ɗaukar kusan lita 1 zuwa 3. Sa'ad da famfo ke aiki sosai sai ta cika, da zarar ƙarfinsa ya faɗi sai iskar ta turo man cikin inji, ta riƙe shi na 'yan daƙiƙoƙi har a fita kwana.

BUSASSHEN KASKO

Babban magani, wanda kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba, shi ne tsarin da ake kira busasshen kasko. A nan ba a barin mai ya kwanta ƙarƙashin inji sam. Wasu famfuna ne ke kwashe shi da zarar ya sauko, su zuba cikin wani dogon tanki tsaye, inda kumfa ke rabuwa da shi, sa'an nan wani famfo ya ɗebo daga gindin tankin. Tun da tankin siriri ne mai zurfi, kome karkatar mota bakin bututu ba ya bushewa. Da wannan tsari Mercedes-Benz 300 SL ta fito a 1954, haka ma Porsche 911 ta 1964, da Chevrolet Corvette Z06 ta 2006 mai injin lita 7, kuma shi ne motocin Formula 1 ke amfani da shi. Wanda zai sauya wa motarsa zuwa wannan tsari sai ya tanadi famfo da bel da tanki da tiyo masu yawa, da gwanin da ya san aikin.

A YI HATTARA

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Jar fitilar mai da ke gaban direba ba ta kamawa a yawancin motoci sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa da 10 a irin ma'aunin da ake auna iskar taya, alhali tsohuwar ƙa'idar masu haɗa injin tsere ita ce a sami 10 ga kowane juyi 1,000. Ashe ke nan kafin fitila ta kama, aikin gama ya riga ya gama. Don haka ma'auni na gaskiya shi ne abin da ya kamata a fara saye. Cika kasko fiye da kima ba dabara ba ce, domin karanshaf zai riƙa dukan man yana mai da shi kumfa. Kaskon da aka yi wa walda ta ganganci kuwa, ƙofarsa ɗaya in ta ɓalle tana iya toshe bututu. Araha dai ba ta ado.

Mai motar zuwa ofis da kasuwa ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan kaya, illa mai nagari da juye a kan kari. Amma matasan da ke wasan juya mota a birane irin su Abuja da Legas, galibi da motocin da aka shigo da su na hannu, ya kamata su sani cewa wanda ya ƙara wa inji ƙarfi, ya sa faffaɗan taya, ya bar kaskon da aka ƙera don tafiyar yau da kullum, ya sayi doki ne bai tanadi ruwan ba shi ba.