Ƙwayar Cutar da ke Tare Jariri a Hanyar Fitowa

Mace tana iya ɗauke da ita wata tara cur, ba zazzaɓi, ba ciwo. Ƙwayar bakteriya ce da likitoci ke kira GBS, wato sitireftokokas rukunin B, mai zaman lafiyarta a hanji da al'aura. Ranar haihuwa take nuna halinta. Jariri ya kwashe ta a hanyar fitowa, tun kafin suna sai a ga ya ƙi nono, numfashi sama-sama, jiki ya saki: ta shiga jini ko huhu, ko ta zama sanƙarau.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce mata masu ciki kusan miliyan 20 ne ke ɗauke da ita duk shekara, kuma tana da hannu a mutuwar jarirai wajen 150,000, har da waɗanda aka haifa ba rai. Afirka kudu da Sahara ce ta fi jin jiki.

Magani dai sananne ne: penisilin ta jijiya yayin naƙuda. Har gobe yana aiki, ko da yake a 2008 masu bincike a Japan sun ba da rahoton wasu nau'o'in GBS da suka sauya furotin ɗin da penisilin ke kamawa, ƙarfinsa a kansu ya ragu.

Inda gizo ke saƙar shi ne matar da penisilin bai karɓe ta ba. A da, da eritromaisin da kilindamaisin ake rufa mata asiri. Na farkon, hukumar CDC ta Amurka ta cire shi daga wannan aiki tun 2010. Na biyun kuwa, a 2019 hukumar ta ce fiye da kashi 40 cikin ɗari na cututtukan GBS ba sa jin sa. Sai a koma bankomaisin, mai tsada, wanda ba kowane asibitin karkara ke da shi ba.

A Amurka ana gwada mai ciki a mako na 36 zuwa 37. Mu nan, mata nawa aka taɓa yi wa wannan gwaji a wajen awo? Amma a tsaya bakin kemis da yamma: mai mura ya sayi kafso huɗu ba takardar likita, ya sha biyu, ya ajiye biyu don gaba. Ƙwayoyin da ke hanjinsa, har da GBS in tana nan, sun ɗanɗana maganin ba su mutu ba, haka suke daina jin sa. Rigakafin GBS da ake fatan yi wa masu ciki kuwa har yanzu yana matakin gwaji.