Zafin Da Allurar Mota Ba Ta Faɗa Wa Direba

A gaban kowane direba akwai allurar da yake satar kallo jifa-jifa don ya san ko mota ta ɗauki zafi. Muddin tana zaune a tsakiya, hankalinsa a kwance yake. Sai dai labarin ruwan inji kawai wannan allura take bayarwa. Ba ruwanta da man da ke cikin giya, alhali a motar otomatik man nan ne ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa tayoyi. Yana iya ƙonewa har ya yi baƙi yana ƙauri, allurar ko gezau. Sai ranar da a-kori-kura ta fara jan ƙafa a hawa, inji na kuka amma mota ba ta ci gaba, sannan mai ita zai ji daga bakin makanike cewa sai an sauke giya.

Shi ya sa masu jan tirela da manyan kaya a Amurka da Ostareliya suka daɗe da ɗaura wa motocinsu wani ƙaramin agogo na daban mai nuna zafin man giya. Kayan aikin ba su da yawa: agogon kansa, da sensa wadda tsawonta bai kai yatsa ba, da 'yan wayoyi. Kuɗinsu ba ya ko kusa da kuɗin gyaran giya. Amma amfanin agogon duka ya rataya ne a kan wurin da aka dasa sensar, kuma a nan ne aikin ya fi lalacewa.

Mafi yawan zafin daga wata na'ura yake tasowa da ke tsakanin inji da giya, wadda ake kira tok-kwanbata. Aikinta kamar fanka biyu ne da aka fuskantar da juna: idan aka kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar, sai dai a nan mai ne a madadin iska. Duk lokacin da ɓangaren inji ya fi ɓangaren tayoyi saurin juyawa, ƙarfin da ya salwanta a tsakaninsu zafi yake komawa, man kuma ya kwashe shi. A kan shimfiɗaɗɗen titi abin da sauƙi, domin akwai wani kuloci a ciki da ke manne ɓangarorin biyu idan mota ta miƙe hanya. Wahalar tana wurin tashi da kaya, da doguwar hawa, da cunkoso, da rairayi, da ja da baya da tirela. Daga kwanbatar, man yana bin bututu zuwa wani ƙaramin masanyaya da galibi ke cikin lagireto, ya huce, sannan ya dawo ya shafe sassan giya ya taru a kaskon da ke ƙasanta.

Man giya ya fi samun lafiya tsakanin digiri 80 da 95 a ma'aunin Salsiyos. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da masu gyaran giya ke aiki da ita, cewa duk ƙarin digiri 11 a kan 80 yana raba tsawon ran man gida biyu. Kiyasi ne, kuma mayukan zamani sun fi na da juriya, har wasu sababbin motoci da gangan aka ƙera su su yi aiki kusa da digiri 100. Duk da haka abin da zafi ke yi bai canza ba. Wajen digiri 115 mai yana fara barin wani dauɗa mai danƙo a jikin ƙarafa. Gaba kaɗan, wajen 125, robobin da ke tare mai su soma ƙandarewa, matsin mai ya ragu. Idan aka doshi 150, fayafayan kuloci na ciki sun shiga zamewa da ƙonewa ke nan. Motocin Toyota da yawa suna da fitilar gargaɗi mai rubutun A/T OIL TEMP, amma a wasu tsofaffin samfura ba ta kamawa sai man ya kai wajen digiri 150. Wanda ya jira fitilar ya makara.

Kamfanonin ƙera motoci ba su ɗauki wannan magana da wasa ba. Ƙa'idar SAE J2807, wadda ake bi a Amurka wajen tantance nauyin da a-kori-kura za ta iya ja, ta tanadi gwaji a hawan Davis Dam da ke jihar Arizona. Hanya ce mai kusan kilomita 18 da ke hawa wajen mita 900, kuma sharaɗi ne zafin gari ya kai aƙalla digiri 38, na'urar sanyaya ɗaki tana kunne a ƙarshenta, motar ta kai ƙoli ba tare da ta yi gargaɗin zafi ba. Toyota ce ta fara bin wannan ƙa'ida, Ford da General Motors da Ram suka biyo baya a motocinsu na 2015.

Digiri 38 ɗin da suka ɗauka a matsayin gwaji mai tsanani, a Sakkwato da Maiduguri da Agadas ana wuce shi a watannin Afrilu da Mayu. Ga kuma irin lodin da ake yi wa Hilux ranar kasuwa, ga Hawan Kibo a hanyar Jos, ga hawan tsaunin Mambila zuwa Gembu, ga rairayin hanyar Agadas zuwa Dirku. Tsofaffin Hilux masu giyar hannu ba su cika shiga wannan matsala ba, tunda ba su da kwanbata. Amma otomatik sai ƙaruwa suke yi, har da Tundra da Tacoma da F-150 da ake shigowa da su na hannu. Ana kuma samun motar da aka canza mata lagireto da irin na giyar hannu, wanda ba shi da masanyayar mai a ciki, aka haɗe bututan biyu da juna aka sallami mai mota. Irin wannan mota tana tafe ne man giyarta ba ya hucewa ko kaɗan, kuma babu abin da zai nuna wa direba haka.

Kafin a taɓa sufana, ya kamata a bincika ko motar ta riga ta san zafin manta. Yawancin giyoyin da kwamfuta ke sarrafawa suna da sensa a cikinsu tun daga kamfani. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da soket na OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, kuma a da yawa daga cikinsu ana iya karanta zafin ta nan da na'ura irin ScanGauge, ko da ɗan abin da ake kira ELM327 haɗe da manhajar waya, muddin an shigar da lambar da ta dace da samfurin motar. Manyan Silverado masu giyar Allison ma da agogonsu suke zuwa. Wanda motarsa ta ba da wannan dama ba shi da dalilin huda komai.

Idan babu, to sai a zaɓi wurin dasa sensa. Mafi sauƙi shi ne ramin gwajin matsin mai da ke jikin giyar, wanda kamfani ya toshe da ƙaramin noti. A giyar 4L60E ta motocin Chevrolet da GMC, da 4R100 ta manyan Ford, ramin yana gefen direba, kuma zarensa daidai yake da na yawancin sensoshin Amurka. A kwance notin, a ɗaura sensa, shi ke nan. Aibinsa shi ne mai ba ya gudana a wurin, tsaye yake, saboda haka abin da sensar ke ji ya fi kusa da zafin gangar jikin giyar, kuma ba ta saurin kawo labari. Akwai wani haɗarin kuma: wasu ramukan gwaji suna buɗewa ne kusa da sassan da ke motsi, sensa mai dogon baki tana iya tokare su. A auna zurfin ramin tukuna, kada a yi ta ka.

Kasko ya fi wannan gaskiya, domin a nan man da giya za ta zuƙa yake taruwa, kuma alƙaluman da aka ambata a sama sun fi dacewa da zafin wannan wuri. Aikinsa dai ya fi yawa. Dole a sauke kaskon gaba ɗaya, a huda shi a waje, a yi waldar mazaunin sensa ko a ɗaura irin mai noti da wanki, a wanke shi tas. Huda kasko yana jikin mota ganganci ne, don ɓurɓushin ƙarfe ɗaya ya isa ya maƙale a hanyoyin mai masu siriri. A gefe ake hudawa, ƙasa-ƙasa yadda bakin sensar zai nutse cikin mai kullum, a wurin da ba zai taɓa matata ko ƙwaƙwalwar giya ba. Kada a sa ta a gindin kasko, musamman ga motar da ke shiga hanyar ƙauye, inda dutse ɗaya zai iya fizge ta man ya tsiyaye a hanya. Tunda an riga an buɗe, a canza matata da gasket, a ɗaure notuna a hankali ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan.

Wuri na uku shi ne bututun da ke fitar da mai daga kwanbata zuwa lagireto. Nan ne man ya fi zafi a duk zagayensa, kuma allura tana amsawa nan take: ana taka totur a hawa za a ga ta ɗaga, ana sauka ta faɗo. A lokacin wahala tana iya ɗara ta kasko da digiri 20 ko fiye. Ana yanke tiyon ne a saka mahaɗi mai baki uku da faɗinsa ya yi daidai da na tiyon, galibi milimita 8 ko 10, yadda bakin sensar zai taɓa man da ke wucewa ba tare da ya toshe masa hanya ba. Don gane bututun fita, a tayar da inji da sanyinsa a taɓa bututan biyu: wanda ya fara ɗumi shi ne. Kuskuren da ya fi muni shi ne sa sensa a bututun dawowa, domin zai riƙa nuna man da ya riga ya huce, direba ya yi ta murna alhali giya na ci da wuta.

Ga mai hawa tsauni da kaya ko mai ratsa rairayi, bututun fita ya fi amfani, don shi ne ke yin gargaɗi da wuri, da sharaɗin ya san cewa ɗagawar allura na ɗan lokaci zuwa 115 ko 120 a wannan wuri ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda kuwa yake son sanin halin da man ke ciki a tsawon tafiya, kasko ya fi masa.

Abu biyu ƙanana suna yawan ɓata aikin da aka yi da kyau. Na farko zare. Sensoshin AutoMeter da GlowShift da makamantansu suna zuwa da zaren Amurka na 1/8 NPT, mai layi 27 a inci, alhali motocin Japan sukan yi amfani da na milimita ko na Ingila mai layi 28. A ido kusan ɗaya suke, za su ma shiga zagaye biyu ko uku kafin su cije, kuma wanda ya matsa da ƙarfi ya cinye zaren jikin giyar, wanda na alminiyom ne. A nemi mahaɗin da ya dace a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa ko Panteka, ko a sa mai injin gurza ƙarfe ya yi. Na biyu shi ne waya. Sensar da ke da waya ɗaya ta jikinta take samun ƙasa, wato ta zaren da ya taɓa ƙarfen mota. Idan aka naɗe zaren da farin tef ɗin masu gyaran famfo da yawa, ko aka dasa ta a mahaɗin da ke tsakanin tiyo biyu na roba, lantarki ba zai wuce ba, allura ta kwanta ko ta yi ƙarya. Maganinsa a shafa man toshe zare kaɗan, a kuma ja waya daga jikin mahaɗin zuwa ƙarfen mota. Haka nan kowane agogo da sensarsa, ba a haɗa ta wani kamfani da agogon wani.

Sauran aikin na rewaya ne. Wayar sensa ta bi ta robar bangon inji, nesa da salansa da duk abin da ke juyawa, a ɗaure ta da kyau. Wutar agogo a ɗauko ta daga layin da ke kawo wuta sai an murɗa makulli, da ƙaramin fiyus, fitilarsa kuma a haɗa ta da ta dashbod. Kafin a ɗaura sensar ana iya gwada ta a tafasasshen ruwa, jikinta haɗe da wayar ƙasa: a Legas ta nuna 100, a Jos wajen 96 saboda tudu. Agogunan Amurka da yawa da ma'aunin Faranhait suke zuwa, inda 175 ke daidai da 80, 200 ya zama 93, 250 kuma 121. Bayan an gama, a cike gurbin man da ya zube da irin wanda kamfani ya rubuta, ko Dexron ne ko Mercon ko WS na Toyota, a auna shi yadda littafin motar ya ce, a kuma leƙa ƙasa a tabbatar babu yoyo bayan tafiyar farko.

Makon farko na koyo ne. Direba ya lura da inda allura ke zama idan motar ba kaya, da inda take kaiwa a cunkoso, don ya san ɗabi'ar motarsa. Idan ta fara hawa fiye da yadda ta saba, a sauko da giya mataki ɗaya, a rairayi a shiga 4L, wato giyar ƙarfi mai juya tayoyi huɗu, mai maɓallin jan kaya ya danna shi. Idan zafin kasko ya wuce 110 yana ci gaba, a sauka gefen hanya a sa giya a P, a bar inji yana aiki, domin kashe shi yana tsayar da famfon da ke zagaya man. Motar da kullum take kai wannan matsayi tana bukatar ƙarin masanyaya a gaban lagireto, kuma da agogon za a tabbatar ko ƙarin ya yi aiki.

Duk mai a-kori-kura otomatik da ke ɗaukar kaya a wannan yanki ya dace ya sa wannan agogo kafin bazara ta shigo, kuma ya tsaya a kan makanike har ya nuna masa da yatsa bututun da ya dasa sensar a kai.