Uwargida, Me Fim Ke Faɗa Wa 'Ya'yanki Game da Gidanku?

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta same ni a Islamiyyar da nake koyarwa bayan an tashi ɗalibai. Ko zama ba ta yi ba ta fara hawaye. Ta ce, "Malama, ki taimaka ki yi wa 'yar mijina magana. Wata uku ke nan da na tare, yarinyar nan ba ta cin abincin da na girka sai ta ga na fara kai loma."

Yarinyar ɗalibata ce, shekarunta 9, mahaifiyarta ta rasu shekara biyu da suka wuce. Washegari na ja ta gefe na tambaye ta ko antinta ta taɓa dukanta ko ta zage ta. Ta ce a'a. Na ce to mene ne? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ai matar uba barbaɗe take yi a abinci. Na gani a fim."

'Yar'uwa, wannan magana ta hana ni barci. Shekara biyu ina koya wa yarinyar nan kyautata zato ga Musulmi, ashe akwai wani malamin da ke ba ta nasa darasin bayan sallar isha'i, kuma nasa ya fi nawa zama a zuciyarta.

Fim dai ba baƙo ba ne a gidajenmu. Iyayenmu sun kalli wasannin su Samanja da Ƙasimu Yero a talabijin, maza kuma suna zuwa silima kallon finafinan Indiya. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan fim ɗin Hausa ya shigo har tsakar ɗakin matan aure. Da ƙorafi ya yi yawa kan rawa da waƙa, gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2014 tashar Arewa24 ta fara aiki, daga baya finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka karɓi kasuwa. Yau kuwa ba a bukatar kaset ko faifai. Yaro zai kai waya shagon masu tura finafinai a cika masa ita da na Hausa da fassarar Indiya, ya shige bargo yana kallo, hukuma ba ta gani ba, ke ma ba ki gani ba.

Mun daɗe muna surutu kan rawa da shigar 'yan wasa, amma mun manta da abin da ya fi su shiga jiki, wato yadda ake nuna zaman iyali. Ki lura da kyau. Sau nawa kika ga kishiyoyi a fim suna zaman lafiya daga farko har ƙarshe? Sau da yawa kishiya tana hanyar gidan boka, uwar miji tana ƙulla yadda za ta kori matar ɗanta, uba kuma ba ya fitowa sai ya zo yin tsawa ko auren dole. Miji ya fusata, ya yago takarda ya rubuta saki uku, mata ta ja akwati ta kama hanyar gidansu. Alhali ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta a lokacin idda, domin wataƙila Allah ya kawo sulhu. 'Yarki da ta ga wannan saki sau ɗari kafin ta kai aji shida, wanne za ta ɗauka shi ne aure?

Ban ce 'yan fim ne suka ƙirƙiro waɗannan matsaloli ba. Akwai su a cikinmu, kuma tun kafin a san bidiyo kakanninmu suna ba mu tatsuniyar 'yar mowa da 'yar bora. Sai dai ki tuna yadda ake yin tatsuniya. Kaka ce ke bayarwa, tana kallon idon jikarta, in ta ga tsoro ya kama ta sai ta sassauta, in an kai ƙurunƙus kuma ta fito da darasin, wato haƙuri da ladabi su ne suka ceci 'yar bora. Shi fim ba ya ganin idon yaro, bai san wannan marainiya ce ba. Ga kuma kasuwa: gidan da ake zaman lafiya ba ya sa mai kallo ya ƙosa ya ga kashi na gaba, don haka dole marubuci ya hura wutar rigima. Kuma a yi adalci, akwai masu ƙoƙari. Shirin Daɗin Kowa, misali, ya nuna rayuwar talakawa da zaman maƙwabtaka da halin da almajirai ke ciki, ba katafaren falo da manyan motoci kaɗai ba.

To mene ne abin yi? Hana kallo gaba ɗaya ba ya yiwuwa ga mafi yawanmu, domin in kin kashe na ɗakinki akwai na maƙwabta. Ga abin da na jarraba a gidana na ga amfaninsa.

Na farko, ki san abin da suke kallo. Fim ɗin da ba ki gani ba, kada ki bar wa ƙaramin yaro shi kaɗai. Waya kuma ta kwana a ɗakinki.

Na biyu, ki zama kakar da ke fito da darasi. In an nuna muguwar kishiya, ki tambaye su, "Duk kishiyoyi haka suke?" Sannan ki kawo masu misalin wadda suka sani a dangi, wadda ta riƙe 'ya'yan abokiyar zamanta kamar ita ta haife su. In an yi saki cikin fushi, ki gaya masu abin da shari'a ta tsara.

Na uku, ki kula da bakinki lokacin kallo. In kina cewa "Allah ya ƙara, maganin uwar miji ke nan," ki sani 'yarki na ji, kuma da wannan guzurin za ta tafi gidan miji. Ɗanki ma na ji, kuma wata rana ke ce uwar mijin.

Hadisin Abdullahi ɗan Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna mace makiyayiya ce a gidan mijinta, kuma za a tambaye ta game da kiwon da aka ba ta. Ranar wannan tambaya ba za a kira darakta ya amsa a madadinki ba.

Ita kuwa waccan baiwar Allah, shawarar da na ba ta ita ce ta daina rarrashi da baki, ta riƙa shiga kicin tare da yarinyar, ta bar ta ta wanke shinkafa, ta zuba gishiri da hannunta. Na kuma roƙi mahaifin ya riƙa zama suna cin abincin dare su uku a kwano ɗaya. Ba a yi wata guda ba yarinyar ta zo makaranta da ɗanwake a 'yar roba, ta miƙo mini tana murmushi ta ce, "Malama, ni da Anti muka yi."

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.