Yadda Ake Raba Babban Aiki Zango-Zango

Scrum tsari ne na tafiyar da aikin haɗin gwiwa, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a Amurka a 1995 domin masu haɗa manhajar kwamfuta. Ana raba aiki zuwa gajerun zanguna, kowanne bai wuce wata guda ba. A farkon zango, ma'aikata su zaɓi abin da za su iya kammalawa. Kullum su haɗu na minti 15, kowa ya faɗi inda ya kwana da abin da ya tare masa hanya. A ƙarshe a duba sakamako, a gyara.

Ƙungiyoyin masunta a Wara da manoman shinkafa a Yawuri na iya cin moriyar wannan tsari, domin ana gano matsala tun tana ƙarama, kafin kuɗi su salwanta.