Me ya sa Rumawa suka riƙa buga fuskokin mata a kan kuɗin zinare?

A tsohuwar daular Rum mace ba ta jagorantar runduna, ba ta kuma zama a majalisar dattawa. Duk da haka, fuskokin matan gidan sarauta sun yawaita a kan aureus, tsabar zinaren da ta fi kowace daraja a daular.

A zamanin Sarki Augustus nauyin aureus ya kai kusan giram 8, kuma yana daidai da kuɗin azurfa 25 da ake kira denarius, kalmar da ta haifi "dinari". Tara daga cikinsu ne albashin soja na shekara guda.

Tun da tsabar kuɗi na ratsa barikoki da kasuwanni, sarakuna sun mayar da ita kakakin fada. Sukan sa fuskar sarauniya a gaba, a baya kuma wata allahiyar da Rumawa ke bauta wa: Juno mai kula da aure, Vesta mai tsaron wutar gida, ko Venus ta ƙauna da haihuwa. Saƙon shi ne gidan sarki na zaune lafiya, kuma akwai magaji.

Shi ya sa aka buga Faustina Ƙarama, matar Marcus Aurelius, tare da siffar yalwar haihuwa kewaye da yara. Mahaifiyarta kuwa, Faustina Babba, bayan rasuwarta mijinta Antoninus Pius ya sa an ɗaukaka ta zuwa sahun abin bauta, aka ci gaba da buga kuɗi da sunanta kimanin shekara 20.

Julia Domna, 'yar garin Emesa, wato Homs ta Siriya a yau, ta samu laƙabin "uwar sansanonin soja", wanda ya bayyana a kuɗinta.

Zinaren kan kuma tona rikicin cikin gida. A shekara ta 54 miladiyya an nuna Agrippina da ɗanta Nero suna fuskantar juna kamar tsara. Shekara guda bayan haka fuskarta ta koma bayan tasa, daga nan ta ɓace. A shekara ta 59 Nero ya sa aka kashe ta.

Maza ne suka rubuta tarihin Rum, kuma sau da yawa da ƙiyayya suka ambaci waɗannan mata. Tsabar ba ta fi su gaskiya ba, domin muryar fada ce, amma takan nuna lokacin da tauraruwar mace ta haska a fada da lokacin da ta dushe.